"Maganar gida ce" ba amsa ba ce ga wanda aka yi wa barazanar kisa

Ko arba'in ba a yi wa mijin wata maƙwabciyarmu ba, ƙannensa biyu suka fara zarya kan takardun gida. Ta ce a bari a je gaban alƙali a raba gado, a fitar mata da tumuninta, marayu su karɓi nasu. Sai ƙaramin ya tsaya a bakin zaure ya ce in ta gama takaba ba ta tattara ba, gawarta za a fitar. Duk layin an ji. Kuma fa mamacin ya bar 'ya'ya maza, ƙannen ko allura ba su da ita a gadon. Da yayanta ya je caji ofis, sai aka ce masa, "Malam, wannan ai maganar gida ce, ku je ku sasanta."

Sulhu alheri ne, amma na masu saɓani ne. Wanda ya ambaci gawa ya wuce nan. Baƙo ya yi maka barazana, ka sa sakata ka kwanta; na gida kuwa ya san ƙofar baya, ya san lokacin da yara ke tafiya Islamiyya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne doka ta tanadi mafita. Dokar hana cin zarafi ta VAPP, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta ba kotu ikon bayar da umarnin kariya. A Abuja take aiki, yawancin jihohi kuma sun yi tasu, kamar Kaduna a 2018. Alƙali na iya hana mutum kusantar gidanka ko wurin aikinka, ya sa 'yan sanda su karɓe makami, ko su raka mace ta kwashe kayanta. In abin ya yi tsanani, yana ba da umarnin wucin gadi tun kafin a saurari ɗaya ɓangaren. Wanda ya fi burge ni shi ne takardar kamu da ake haɗawa da umarnin a ajiye: ranar da ya karya, ba sai an koma layin kotu ba.

Na san za a ce wanda ya kai ɗan'uwansa kotu ya yanke zumunci. To, umarnin nan ba ya ɗaure kowa, iyaka yake shatawa, kuma wanda aka yi wa ƙazafi yana da damar kare kansa. Wa ya fara yanke zumuncin, mai neman tsari ko mai maganar gawa?

Inda nake da ƙorafi shi ne nisan hanya. Dokar ta Abuja Babbar Kotu ta ba hurumi, alhali mace mai takaba kotun shari'a ko ta majistare ta sani. Ya kamata jihohi su sauko da ikon nan ƙasa, a kuma hukunta ɗan sandan da aka miƙa wa umarnin kotu ya ce sai an kawo kuɗin mai.

Maƙwabciyar tamu dai a gidan yayanta take ƙarasa takaba. Shekaranjiya na wuce na ga an canja kwaɗon ƙofar gidan mijin.