Yajin tsire, injin niƙa da gwajin da Jos take buƙata

A Ingila, inda nake zaune yanzu, doka ta wajabta wa mai sayar da abinci ya bayyana abubuwa 14 da jikin wasu mutane ba ya jituwa da su, cikinsu har da gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai da alkama. An ƙara tsaurara dokar a watan Oktoba na 2021, bayan rasuwar Natasha Ednan-Laperouse, yarinya 'yar shekara 15 da ta ci burodi mai riɗi a 2016, alhali ba a rubuta hakan a jikin kunshin ba. A Jos kuwa, inda na tashi, idan leɓen yaro ya kumbura bayan ya ci tsire, sai a ce borin jini ne, a ba shi magani, ba mai waiwayar ƙuli-ƙulin da ke cikin yajin.

Rubutun jikin kunshi ba shi da ƙarfi idan babu gwaji a bayansa. Hanyar da ɗakunan gwaje-gwaje suka fi dogara da ita ita ce ELISA, inda ake jiƙa ɗan abincin a zuba ruwansa a faranti mai ramuka 96 da aka shafa wa sinadaran garkuwar jiki waɗanda furotin ɗin gyaɗa kaɗai suke cafkewa. Idan akwai shi ruwan yakan sauya launi, na'ura ta auna, har ta gano 'yan miligiram a cikin kilo guda. Sababbin na'urori suna ɗora waɗannan sinadarai a kan siririn zinariya, su mayar da cafkewar alamar lantarki ko ta haske cikin mintuna.

A ganina, tsinken gwaji ya kamata mu fara nema, irin wanda kowa ya sani a gwajin zazzaɓin cizon sauro, domin ba ya buƙatar wutar lantarki. Dubi accar Filato, wadda ake yabonta a nan saboda ba ta da sinadarin gulutin, wato furotin ɗin da ke cikin alkama wanda jikin wasu ba ya jituwa da shi. Ƙa'idar Turai ita ce a abincin da aka ce ba shi da gulutin kada ya wuce miligiram 20 a kilo, amma injin niƙa ɗaya a unguwa yakan niƙa alkama da safe, ya niƙa acca da rana, kuma ido ba ya ganin abin da ya rage a ciki.

Sai dai sayo tsinken kawai bai wadatar ba, domin suya da gashi suna sauya siffar furotin, gwajin da aka daidaita a kan biskit da cakulan yana iya nuna ƙasa da abin da ke cikin ƙuli-ƙuli. Wannan aiki ne da nake fatan masana a Jami'ar Jos da hukumar NAFDAC za su ɗauka, su tabbatar da ingancin gwajin a kan yaji, kunun gyaɗa, daddawar waken suya da garin acca kafin a miƙa shi ga masu ƙunsa abinci a kasuwar Terminus da ke Jos.