Layin Rangwame da Takardar Kuɗin Wuta a Houston

A ranar Juma'ar da ke biye da bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, wadda Amurkawa ke kira Black Friday, na tsaya awa biyu cikin sanyin asuba a ƙofar wani kanti domin talabijin ɗin da aka rage wa kuɗi, amma ko da layi ya iso kaina sai ma'aikacin ya ce ƴan ƙwayoyin da aka ware sun ƙare tuni. Wannan ya ɓata mini rai, sai dai bai kai takaicin da na tarar a gida ba, domin kwangilar wutar lantarkina ta ƙare a watan, kamfanin kuma ya mayar da ni kan farashin da ke sauyawa kowane wata.

Tun shekarar 2002 aka bai wa mazauna yawancin jihar Texas, inda birnin Houston yake, damar zaɓar kamfanin da zai sayar musu da wuta, kuma ni ban ƙi tsarin ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake nuna farashi a matakai uku, wato yunit 500 da 1,000 da 2,000, sannan wasu kamfanonin su ɗaura rangwamensu a kan 1,000 daidai, ta yadda magidancin da ya sha 950 zai biya fiye da maƙwabcinsa da ya fi shi sha. Mai son ficewa kafin wa'adin kwangila kuma galibi sai ya biya tara, wadda aka rubuta da ƙananan haruffa a shafin baya.