Ƙusar bayan ƙofa da maratayin Bajamushe

Wata ranar Asabar wani abokin aikina Bajamushe ya ziyarce ni a nan birnin Hanoba na ƙasar Jamus. Ko shayin da na zuba masa bai kurɓa ba, idonsa ya faɗa kan hedifon ɗina, Sennheiser HD 600, da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa. Ya sauko da shi, ya nuna mini inda ƙusar ta lotsa soson da ke zama a tsakar kai, ya ce ba a yi wa abin da aka saya da gumi haka. Na yi dariya, amma maganar ta kwana tana ci mini rai.

Da na je gidansa sai na ga abin da yake nufi. Hedifon uku, kowanne da maratayinsa na katako mai sheƙi, gindin ƙarfe ne mai nauyi don kada waya ta fizge shi ya kife. Saman mai faɗi ne, an lanƙwasa shi kamar ƙoƙon kai, nauyin ya bazu maimakon ya taru wuri guda. Tsayinsa ya isa kunnuwan su yi lilo ba su taɓa tebur ba. Ya ce in guji irin wanda ake cusa wa hedifon kamar kan mutum, wai yana matse soson kunne dare da rana har ya kwanta, sauti ya canja. Ya kuma nisanta su da taga da bututun ɗumama ɗaki. Kamfanin Sennheiser ɗin ma a garin Wedemark yake, nan kusa da mu, tun 1945 aka kafa shi, shi ya sa yake maganarsa kamar ta ɗan dangi.

Yana da gaskiya, ban musa ba, har na sayi maratayin. Amma kada a ce mana ba mu san adana kaya ba. Mai wankin hula a Kano ya san siffa tana lalacewa, shi ya sa yake ɗora zanna a kan icce ta bushe. Rediyon mahaifina a rigar fata ya rayu, ya ga hunturu da ƙurarsa fiye da ashirin. Maratayi a buɗe kuwa, kwana biyu na hazo ya ishe shi.

Kuma fisabilillahi, a gidanmu wa zai bar maka hedifon ya kwana a inda ka aje shi? Kafin la'asar ƙaninka ya ɗauka, ɗan yayarka ya karɓe, da magariba ka tsince shi a zaure a kunnen wani almajirin gidan, kowa ya ji daɗinsa.

Nawa yau wata biyu ke nan yana kan katakonsa, yadda na bar shi da safe haka nake tarar da shi da dare. Tun zuwan Bajamushen nan babu wanda ya sake yi mini sallama a ɗakin.