Kirkar da muke jifa a gona, wasu sun shekara talatin suna karantarta

Jama'a barkanmu da war haka. Yau shekarata tara a Mompeliye, kudancin Faransa, ina aiki a wani labo a matsayin teknisiyan, ni ke karɓar samfur in yi masa lamba in jera a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifiri, in ciro wa masu bincike idan sun buƙata. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa waya ce muka yi da yayana a Garwa ranar Juma'a. 'Yarsa ta ci bak D, jarrabawar gama sakandare ta fannin kimiyya, da sakamako mai kyau, yarinyar ta ce ita bincike take so ta karanta, ilimin garkuwar jiki da cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, shi kuma ya ce sam, ta shirya konkur, jarrabawar shiga aikin gwamnati, ta samu matirkil, wato lambar ma'aikaci, ko nas ko malama, abin da dai za a ga albashi ƙarshen wata. Da na sa baki sai ya ce min, kai ma da kake can me ka tsinta banda gadin jinin biri? Wallahi maganar ta tsaya min a rai, kuma ban ga laifinsa ba duka, don abin da ya gani da idonsa yake faɗa.

Bari in fara da birin tukuna. Duk wanda ya tashi a gefen Binuwai ya san kirka, wannan mai baƙar fuska da farin gashi a kumatu, wadda ke sauko wa gonar masara da sassafe. Muna yara aikinmu kenan lokacin da masara ta fara nuna, a tashe mu tun asuba da gwafa da gwangwani, mu hau kan tudu muna kaɗawa muna ihu, su kuma su sa ɗaya a kan reshe yana leƙenmu sauran na ɓarna. Ban taɓa kawowa a raina akwai wani abin sani a jikin dabbar nan ba sai da na zo nan. Ashe kirka tana cikin dangin biran da Turawa ke kira koren birin Afirka, kuma da yawa daga cikin manyansu a daji suna ɗauke da ƙwayar SIV, 'yar uwar HIV mai kawo Sida, ƙwayar na yawo a jininsu da yawan gaske amma ba sa kwanciya, ba sa ramewa, garkuwar jikinsu ba ta rushewa. Idan kuwa aka sa irin wannan ƙwaya a jikin birin Asiya da ake kira makak sai ya kamu da ciwo irin na mutum ya mutu. To me ya sa? Tambayar nan guda ɗaya akwai mutanen da suka tsufa a kanta.

A Institut Pasteur na Paris akwai Michaela Müller-Trutwin, a Atlanta ta Amurka akwai Guido Silvestri da ke aiki kan wani birin Afirka ta Yamma mai suna mangabe, wanda daga gare shi HIV-2, ɗaya daga cikin nau'in HIV guda biyu, ta fito. A 2009 ƙungiyoyinsu suka nuna abu mai ban mamaki, cewa garkuwar jikin waɗannan birai tana tashi ta yi faɗa da ƙwayar a farko kamar yadda tamu ke yi, amma bayan 'yan makonni sai ta lafa ta koma daidai. Tamu kuwa da ta makak ba ta lafawa, haka za ta yi ta ruruwa shekara da shekaru har ta cinye kanta, hanji ya lalace, ƙwayoyin cikin hanji su riƙa ɓulla cikin jini suna ƙara hura wutar. Wato rabin ɓarnar Sida jikin mutum ne ke yi wa kansa don ya kasa sanin lokacin da zai sauke makami. Ni dai tun ranar da na fahimci wannan na daina kallon kirka da ido ɗaya.

Sai kuma maganar da ta fi shafarmu mu 'yan Kamaru. A garin nan da nake akwai Martine Peeters ta IRD, cibiyar bincike ta gwamnatin Faransa, ban taɓa zama da ita ba amma duk mai aiki a fannin nan ya san sunanta. Tun 1989 ta gano SIV a jikin cimpanzi a Gabon. Daga baya ita da ƙungiyar Beatrice Hahn ta Amurka da likitan sojan Kamaru Eitel Mpoudi-Ngole suka bi dazuzzukan kudancin ƙasarmu, ba su kama dabba ba, ba su harbi komai ba, kashin cimpanzi suka riƙa tsinta a ƙasa, samfur kusan 600 daga wurare goma, aka gwada, a 2006 aka tabbatar cewa HIV-1 ɗin da ta game duniya asalinta daga cimpanzin kudu maso gabashin Kamaru ne. A shekarar dai aka gano irinta a jikin gorila. Masana sun fi karkata ga cewa ta jinin naman daji ta shiga mutum wajen farauta ko fiɗa, tun farkon ƙarnin da ya wuce, ta bi kogi ta gangara har Kinshasa inda ta samu cunkoson jama'a da jirgin ƙasa ta bazu wajen 1920. Na sha jin wasu na jin haushin wannan labari wai an ɓata mana suna. Ni ban ga ɓata suna ba, mafarauci ya yanke hannu yana neman abin kai wa iyalinsa, wannan zai iya faruwa a kowace ƙasa mai daji. Abin da ke min ciwo daban ne, dajin namu, birin namu, masu bin sawu cikin ƙungurmin daji da suka san inda cimpanzi ya kwana namu, amma firizar da kayan ke kwana da injin da ke karanta su galibi suna wata ƙasa.

Kuma in an lura duk wannan ma kudu ne. Yawunde na da dakunan bincike, tana da manyan malamai, Farfesa Rose Leke ta shafe rayuwarta kan garkuwar jiki da zazzaɓin cizon sauro a jikin masu ciki har duniya ta san da ita, John Nkengasong ɗan Duwala ya zama shugaban farko na Africa CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka, a 2017. Wato ɗan Kamaru na iyawa, wannan ba abin musu ba ne. Mu na arewa fa? Muna da reshen Centre Pasteur, cibiyar gwaje-gwajen cututtuka, a Garwa, muna da LANAVET a Bokle da ke yin allurar rigakafin dabbobi, akwai makarantar likitan dabbobi a Ngaundere, an kafa jami'ar Marwa a 2008, ta Garwa a 2022. Ga Waza ga gandun Binuwai ga Buba Njida, in ka tsallaka Cadi ga Zakuma, jan biri da kirka da gwaggon biri ko'ina. Kayan aiki na farko kenan Allah ya ba mu kyauta, amma ka shiga unguwa ka tambayi yara goma me suke so su zama, babu ɗaya da zai ce mai bincike, don bai taɓa ganin wanda ya yi hakan ya gina gida ba.

Nan ne bambancin yake, kuma na daɗe ina juya shi. A nan yarinya kamar 'yar yayana in ta gama masta za ta nemi kwantiragin dokta na shekara uku, ana biyanta albashi duk wata tana bincike, tana da inshorar lafiya, in ta gama ta tafi wani labo shekara biyu uku, in Allah ya yi ta ci jarrabawar shiga cibiyar gwamnati ta samu kujera ta dindindin. Ba wai babu wahala ba, akwai, na ga masu shekara kusan arba'in suna yawon kwantiragi, na ga wadda ta yi kuka a gaban firiza don gwajin wata takwas ya tashi a banza. Amma hanya ce shimfiɗaɗɗiya, uba zai iya nuna wa 'yarsa ya ce bi nan. Kuma babu mai zuwa bayan shekara biyu ya ce ina maganin da kika samo, an yarda cewa tambaya ɗaya na iya cin shekara ashirin. A gida kuwa ɗalibin dokta shi zai sayi safar hannu da kuɗinsa, ya koyar a makarantu uku na kuɗi don ya ci abinci, ya jira wani Bature ya zo da furoje ya ɗauke shi, in furojen ya ƙare komai ya tsaya cak.

Na gani da idona kafin in fito. Na yi staj a wani ƙaramin labo a arewa, watan Afrilu, zafi ya haura 40, aka ɗauke wuta da dare, janareto babu mai, da safe muka buɗe firiza ruwa na ɗiga daga kwalaye, samfurin jini na wata shida da wani bawan Allah ya bi ƙauyuka a kan moto ya tara duk ya narke. Bai ce uffan ba, ya zauna kan benci ya riƙe kai, bayan wata biyu na ji ya koma sayar da magani a famasi. A nan inda nake firiza na da ƙararrawa da ke kiran wayata ko ƙarfe uku na dare ne idan sanyi ya ragu, akwai wata a gefe babu komai ciki tana jira kawai. Mutumin nan ya fi da yawa daga cikin waɗanda nake wa aiki yau kaifin kai, na rantse, wuta da litar mai ashirin ne suka raba su.

Duk da haka ban yarda da masu cewa mu bar wa Turawa wannan fanni mu ji da maleriya da kwalara ba, kamar abubuwan a rabe suke. Cutar shawara a daji tsakanin biri da sauro take zagayawa kafin ta faɗo kan mutum. Cutar mpox a jikin biran gwaji aka fara ganinta a 1958 a Denmak kafin a same ta a jikin yaro a Kwango a 1970. Mu da muke kwana da shanu da awaki, makiyayanmu na ratsa gandun daji, yaranmu na wasa da ɗan birin da aka kamo aka ɗaure a tsakar gida, mu ne muka fi kowa buƙatar wanda zai gane cuta tun tana jikin dabba. Kuma wanda ke jin Hausa da Fulatanci, wanda zai zauna da ardo a sha shayi a gaya masa gaskiyar abin da ke kashe dabbobi, ya fi baƙon da zai zo da tafinta ya yi sati biyu ya koma. Wannan ilimin ba a koyar da shi a Mompeliye.

Na sake kiran yaya jiya da daddare. Na ce masa yaya ka yi haƙuri, ban raina tunaninka ba, na san kai ke ɗauke da gidan tun rasuwar Baba, amma ka bar yarinyar nan ta yi rajistar ilimin halittu a Ngaundere, kuɗin makaranta da na ɗaki ni zan riƙa turowa, in bayan lisans ta ga ba za ta iya ba konkur na nan bai gudu ba. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, can ya ce sai ya yi shawara da mamarta. Ita kuma yarinyar ta turo min saƙo da asuba tana tambaya wai da gaske ne kirka ba ta yin Sida, na ce da gaske ne, in na zo hutun Disamba zan kai ta gefen kogi inda muke gadin masara mu zauna in yi mata bayanin abin da aka gano da abin da har yanzu ake nema.