Kauri daban, nauyi daban

Jiya da daddare a teburin mai shayi muka kwashi musu da wani abokina. Ya rantse cewa maiƙon da ke taruwa a saman madara, wanda tsofaffi ke kira afarari, ya fi ita kanta madarar nauyi. Hujjarsa ɗaya ce: ai ya fi kauri. Na ce masa, Malam, in ya fi nauyi, me ya hana shi nutsewa gindin ƙwarya?

Mu dai da mun ga abu yana zuba a hankali yana maƙale wa ludayi, shi ke nan mun yanke masa hukuncin nauyi. Amma sikeli ba ruwansa da ido. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce. Lita ɗaya ta madarar shanu kusan kilo 1.03. Man da ke cikinta kuwa, nauyin lita ɗaya nasa bai wuce gram 930 ba, wato ko ruwa ya fi shi nauyi. Shi ya sa in aka tatsi madara aka ajiye ta kwana, da safe za ka tarar maiƙo ya taso ya yi fata-fata a sama. Kuma in ka yaɗe shi, abin da ya saura, duk da ya tsinke a ido, ya fi madarar farko nauyi, lita da lita.

Inda abin ya fi ba ni haushi shi ne kasuwa. Mai saye yana ɗaga ludayi ya ga nono ya yi kauri, sai ya ce wannan mai kyau ne. Alhali wasu masu sayarwa, ban ce duka ba, ruwa suke ƙarawa su kaɗa da garin 'ya'yan kuka, kauri ya dawo kamar ba a taɓa ba.

Hatta laktomita, ɗan gilashin nan da masu tattara madara ke tsomawa a cikinta don auna nauyinta, ana iya yi masa wayo. Cire mai yana ɗaga nauyi, zuba ruwa yana sauke shi. Wanda ya haɗa ha'incin biyu daidai gwargwado, gilashin zai tsaya inda madarar kirki ke tsayawa. Dole sai an auna man shi kaɗai.

Abokina dai bai sallama ba. Cewa ya yi zai sa a kawo masa madara daga ruga ranar Asabar, ya ari sikelin mai nama.