Ranar da na gyara wa injiniyoyi kuskurensu

Kwale-kwalena ƙafa 16 ne, injinsa mai ƙarfin doki 50, amma girman kansa ya fi na jirgin dakon kaya. Da zarar na ba shi wuta sai ya ɗaga hanci sama, gindinsa ya nutse, in daina ganin komai a gabana sai gajimare. In ya samu ya haye saman ruwa ya miƙe kuma, sai ya shiga gyaɗa kai kamar ƙadangare a kan katanga.

Maganin da na daɗe ina amfani da shi shi ne ƙanena. Mutum ne mai jiki, tubarkalla. Sai in ce ya je goshi ya zauna, hancin ya sauko, mu wuce. Shekara biyu muna haka, rannan ya juyo, ruwa na ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Yaya, ni fa ba buhun yashi ba ne."

Shi ya sa na nemo tirim tab. Wasu faifan ƙarfe ne guda biyu da ake kafawa a bangon baya na jirgi, dama da hagu, can ƙasa dab da gindi. In ka sauke su, ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashi ya buge su, sai bayan jirgi ya ɗaga, hanci ya sauko. Tun 1959 Charles Bennett ya ƙirƙiro irin wanda ake juyawa daga wurin tuƙi, ni kuwa sai yanzu labari ya iso ni. Na ɗauki masu aiki da batir. Na kuma ce ba mai taɓa min jirgi, ni zan ɗaura abina.

Akwai ɗan littafi a cikin kwalin. Na duba shafin farko, na ga an ce a kafa su kwatan inci sama da gindin jirgi, na ce to na gane, na jefa shi kan bencin jirgin.

Huda jirginka da hannunka, a daidai wurin da ke zama cikin ruwa, ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Na auna sau uku. Na naɗa salatif a bakin abin hudar don kada ya zarce. Duk da haka ramin farko da na yi sai da na leƙa ciki kamar zan hango kifi. Tsoron kada ruwa ya shiga ya ruɓar da katakon da ke cikin bangon ya sa na zaɓi gam mafi ƙarfi, 3M 5200, wanda yake kai mako guda kafin ya gama bushewa, in ya kama kuma ya kama ke nan. Ana sa ɗan kaɗan ne a kowane rami. Ni na matsa kamar ina shafe gini. Kafin la'asar gam ya hau yatsuna, ya hau sukudireba, ya hau gira ɗaya. Uwargida ta leƙo ta dube ni, ta ce, "Maigida, jirgin kake liƙewa ko kanka?" Ban tanka ba, don akwai ƙusa uku a bakina.

Da na haɗa waya, sai na gano abin da na ɗauka babban abin kunya ne ga masu ƙera kayan. In na danna maɓallin hagu, faifan dama ne ke sauka. In na danna na dama, na hagu. Na yi dariya ni kaɗai, na ce dubi manyan injiniyoyi, ba su san dama da hagu ba. Na sauya wayoyin. Har na kira ƙanena na nuna masa, ya ce, "Kai, Yaya, Allah ya ƙara basira."

Bayan mako guda muka shiga ruwa. Na sauke faifan biyu tare, na ba da wuta. Wallahi sai jirgin ya tashi a miƙe, hanci a ƙasa, ina ganin gabana tar. Ƙanena na zaune a baya a bushe, karon farko a rayuwarsa, har da ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

To sitiyari a dama yake, ni ma ba siriri ba ne, shi ma ya zauna a bayana, sai jirgin ya ɗan karkata dama. Abu mai sauƙi: hagu ya yi sama, a danna hagu ya sauko. Na danna. Jirgi ya ƙara kwantawa dama. Na ce ƙila bai ji ba, na danne da ƙarfi na riƙe. Akwatin kayan aiki ya taho da gudu ya daki idon sawuna, bokiti ya bi shi, ƙanena ya rungume wuyana ta baya yana salati, ruwa na lasar bakin jirgi. Da ƙyar hannuna ya lalubo abin ba da wuta na rage.

Ashe maɓallan ba faifan suke nunawa ba, goshin jirgi suke nunawa. Faifan dama in ya sauka, bayan dama ne ke ɗagawa, goshin hagu ya yi ƙasa. Da gangan aka gicciya su, don mai tuƙi ya danna ɓangaren da ya yi sama kawai. Gyaran gangar Auzinawa na yi.

Ƙanena ne ya karanto min wannan bayani, muna tsaye tsakiyar ruwa, inji a kashe. Littafin yana nan kan benci inda na jefa shi, a buɗe, a shafin da ke da zanen kibiyoyi biyu a gicciye. Na ce ya miƙo min in gani da idona. Ya ja, ya sake ja, ya ce, "Yaya, sai dai ka taso. Gam ya kama shi."

Na mayar da wayoyin a ranar. Littafin kuwa na gwada wuƙa, na gwada ruwan zafi, yana nan daram a wannan shafin, kuma duk wanda ya shigo jirgin sai ƙanena ya ce masa ya zauna kusa da shi.