Matasan Zazzau, ku san lissafin cin zaɓe kafin ku ɗaga murya

'Yan'uwana matasa, duk daren zaɓe sai ka ga majalisa daga Kwarbai zuwa Tudun Wada da PZ ta kaure da murna don an ga sakamakon rumfuna uku a waya. Washegari kuma ihun "an yi maguɗi". Sau da yawa rashin sanin ƙa'idar lissafin ne ke jawo hakan.

Kujerar sanata, ɗan majalisar wakilai da ɗan majalisar jiha ba ta da wani sharaɗi. Wanda ya fi kowa ƙuri'a ya ci, ko da da ƙuri'a ɗaya ce.

Shugaban ƙasa da gwamna kuwa sai sun haɗa abu biyu. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan takarar shugaban ƙasa ya fi kowa yawan ƙuri'a, sannan ya samu kashi 25 cikin 100 a biyu bisa ukun jihohi 36 da Abuja. Ba dole sai ya haura rabi ba: a 2023 Tinubu ya ci da ƙuri'a 8,794,726, kusan kashi 37 kacal. A Abuja bai kai kashi 25 ba, amma Kotun Ƙoli ta ce Abuja daidai take da sauran jihohi a wannan lissafi. Sashe na 179 ya ɗora wa gwamna irin wannan sharaɗi a ƙananan hukumomi. Kaduna na da 23, biyu bisa uku ya kama 15 da ɗoriya, don haka mai hankali 16 yake nema. Kada ku raina ɗoriyar nan, ita ta kai Shagari da Awolowo Kotun Ƙoli a 1979, lokacin jihohi 19 ne, aka yi ta gardamar 12 da biyu bisa uku saboda abin da Shagari ya samu a Kano bai kai kashi 25 ba.

To mai cewa "gwanina ba zai ci Zariya ba, me zai fitar da ni?" ya yi kuskure. Ƙuri'arsa tana shiga jimillar jiha baki ɗaya, kuma tana iya zama cikon kashi 25 ɗin ƙaramar hukumar. A zaɓen gwamnan Kaduna na 2023 tazarar da ke tsakanin Uba Sani da Isa Ashiru ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba.

In babu wanda ya cika sharuɗɗan biyu, INEC za ta shirya zagaye na biyu cikin kwana 21. A zaɓen shugaban ƙasa, wanda zai kara da na ɗaya shi ne wanda ya ci jihohi mafi yawa cikin ragowar, ba lallai wanda ya zo na biyu a jimilla ba. Ba a taɓa kaiwa nan ba tukuna a zaɓen shugaban ƙasa.

Wannan daban yake da inkonkulusib, wato zaɓen da bai kammala ba, kuma a nan ne matasa suka fi cutar kansu. In aka fasa akwati, ko ƙuri'un rumfa suka zarce adadin waɗanda na'urar BVAS ta tantance, soke rumfar ake yi. In masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke sun fi tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, baturen zaɓe ba zai bayyana kowa ba sai an sake. Kano ta gani a 2019. Wanda aka bai wa 'yan canji ya yi aringizo a unguwar da gwaninsa ke da ƙarfi, ƙuri'un gwanin nasa ya zubar, halastattu da na jabu duka.

Ranar zaɓe, ka juya takardar da aka miƙo maka ka ga hatimi da sa hannun jami'i a bayanta. Rashinsu ya sa kotun sauraron ƙarar zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 a zaɓen gwamnan Kano na 2023, sai Kotun Ƙoli ce ta maido su. Ka dangwala cikin gidan jam'iyya ɗaya, tawadar ta sha iska kafin ka naɗe. In kai ejan ne, wato wakilin jam'iyya a rumfa, kada ka tashi sai an ƙirga a gabanka, an cike fom EC8A na sakamakon rumfa, ka gwada adadin da na BVAS, ka sa hannu, ka karɓi kwafinka.